Wai mi ake nufi da « lésion »? Takardar eko ta hana mu kwana

Ɗan_Adar_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ma'aikatan likita da masu Faransanci na cikin gidan ga ku taimake ni. Ran Litinin munka kai Inna eko, wato hoton ciki, nan Tawa sabili da ciwon ciki da take kuka da shi tun bayan sallar layya. Cikin takardar da anka ba mu an rubuta « lésion kystique du foie, 2 cm, d'allure bénigne ». Wanda ya yi ekon bai ce muna komi ba, sai dai mu kai ma lokotoron da ya turo mu, shi ko sai Alhamis yake zama. Na buga kalmar a waya, ta ce mini "rauni". To Inna ba ta faɗi ba, ba a buge ta ba, ko kabu-kabu ba ta hawa. Raunin mi cikin hanta? Ƙanwata kuma ta ce ita duk sadda ta ji ana faɗin lésion, to ciwon daji ne ake ɓoye ma mutum. Tun jiya ba wanda ya ci tuwo a gidan.

Maman_Ikilima:
Innalillahi. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Bari masu sani su zo.

Talladje_Boy:
Lésion = blessure. Rauni ne kawai yaya, wayarka ba ta yi ƙarya ba.

Majo_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ku koma ku ci tuwonku. Ƙanwarka ta yi kuskure, Talladje_Boy ma ya faɗi rabi ya bar rabi.

Lésion kalma ce mai faɗin baki. Duk wurin da naman jiki ya sauya daga yadda aka san shi, likita na iya kiransa lésion, ko an ji ciwo ko ba a ji ba. Ƙurjin fuskar budurwa lésion ne. Ƙunar ruwan zafi, gyambon ƙafa, ramin haƙori, tabon tarin fuka a huhu, duk sunansu ke nan a takarda. Ciwon daji ma yana ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma shi ɗaya ne cikin ɗari-ɗari na abubuwan da kalmar take ɗauka. Kamar yaro ne ya rugo ya ce maka "Baba na ga wata dabba a gona". Ba ka ɗauko bindiga ba tukuna, sai ka tambaye shi zomo ne ko kura.

To amsar zomo ko kura tana cikin kalmomin da ke biye. Kystique na nufin ƴar jaka ce mai ruwa a ciki. Bénigne na nufin ba irin mai yaɗuwa ba ce. D'allure kuwa, wato "bisa ga kamarta", mai ekon yana faɗin abin da idonsa ya gani ne, bai rantse ba. Santimita 2 bai kai goro ba. Irin waɗannan jakunkunan ruwa a hanta ana yawan cin karo da su a eko, galibi ma ba su ne ke sa ciwon da aka zo dominsa ba. Amma fa ni ban ga Inna ba, takarda ka karanto mini. Ranar Alhamis ku je.

Ɗan_Adar_Tawa:
Baba Majo Allah shi saka da alheri. Wallahi yanzu na karanta ma su duka, har Inna ta ce a dama mata fura.

Bakano_a_Yamai:
Mu ma can Najeriya haka take a takardun asibiti, lesion, sai dai babu wannan ɗan karan a kan e. Ni ina zaton ma daga wajen Ingilishi kuka aro ta.

Mushe_Bukoki:
Bakano, a nan kam ka juya riga. Ingilishi ne ya ara daga Faransanci, shi kuma Faransanci ya samo ta daga Latin. A Latin akwai aikatau laedere: a buge, a ji wa ciwo, a cuta. Sunan aikin shi ne laesio. Shi ne ya zama lésion a Faransa, lesión a Sifen, lesione a Italiya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da ta shigo Faransanci wajen ƙarni na 12, ba kalmar likita ba ce. Ma'anarta cuta, irin wadda mutum ke yi wa ɗan uwansa, wato zalunci ko hasara. Sai wajen farkon ƙarni na 14 ta shiga littattafan masu fiɗa. Har yau tsohuwar ma'anar tana nan da ranta: in aka raba gado ka ce « je suis lésé », ba jini kake zubarwa ba, cewa kake an ƙware ka. Lèse-majesté, laifin taɓa martabar sarki, daga laesa maiestas ne, martaba da aka ji wa ciwo.

Tana da ƴan uwa kuma da ba za ku zata ba. Collision, karon mota, con da laedere ne, bugun juna. Sannan élision da muke koya wa yara a lakkwal, inda ake cewa l'ami maimakon le ami, ita ma ƴar gidan ce: an buge wasali ɗaya ya fita. Shekara da shekaru ina koyar da élision kafin in lura dangin lésion ce.

Talladje_Boy:
Mushe to liaison fa? Ita ma ai kusan sautinsu ɗaya 😂

Mushe_Bukoki:
A'a ɗalibina, kama da wane ba ta wane. Liaison daga ligare take, ɗaurewa. Danginta ligament, jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi.

Barça_har_abada:
Shi ya sa! Ni a labarin ƙwallon Sifen kullum ina ganin lesión, lesionado, in ɗan wasa ya ji ciwo. Su a can ko ɗan yaro ya san kalmar. A Faransanci kuwa ƴan jarida blessure suke cewa, sai an yi IRM, hoton cikin jiki a asibiti, sannan ka ji lésion musculaire.

Hajiya_Yantala:
Ni dai ina bayan ƙanwar Ɗan_Adar, kada ku ga laifinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yayata da ta rasu, Allah ya jiƙanta, wata takwas muna yawo da takardu an rubuta lésion suspecte, lésion kaza, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da ake tsoro. Mu ga mu da ɗan Faransancinmu, amma na kasuwa ne da ofis. Sai da wata ƴar ƙaramar ma'aikaciya ta ja ni gefe a baranda ta gaya mini da Hausa. Tun daga ranar in na ga kalmar nan gabana faɗuwa yake. Majo ka yi haƙuri, amma mutanenku suna fakewa da ita.

Majo_Mai_Ritaya:
Hajiya Allah ya jiƙan yaya, ya sa ta huta. Ban musa miki ba. Akwai mai rubuta lésion don bai sani ba tukuna, kuma gaskiyarsa ke nan, hoto ba ya faɗin komai sai an ɗebi naman an duba. Akwai kuma mai sani, nauyin baki ya hana shi faɗa. A takarda su biyun kamarsu ɗaya. Suspecte ɗin da kika ambata ita ce kalmar da ya kamata a fassara muku tun ranar farko.

Sajfam_Madawa:
Hajiya, ni ma ga nawa gefen. Muna yi wa mata gwajin bakin mahaifa, wanda ake shafa ruwan binegar a ga ko wuri zai yi fari. In ya yi fari muna rubuta lésion précancéreuse. Wannan ba ciwon daji ba ne, wuri ne da in an bar shi shekaru yana iya komawa haka, kuma ana ƙone shi ko a daskarar da shi cikin ƴan mintoci, mace ta tafi gida da ƙafarta. Matsalata ita ce me zan ce mata da Hausa. In na ce miki, sai ta ce ita ba ta jin zafi, ta tafi ba ta dawo ba. In na ambaci daji ko da wasa, sai kuka, wata ma mijin ya kwashe ta zuwa wajen mai magani. Yanzu cewa nake "wurin ya fara sauya launi, gara mu tare shi tun yana ƙarami". Doguwar magana ce amma tana aiki.

Almajirin_Ƙonni:
Malamai ku ba ni wuri. Ni a ganina kalmar da ta dace ita ce lahani. Ta game na waje da na ciki, ba dole sai da jini ba. Har na fara tunanin ko lahani da lésion asalinsu guda, tunda dukansu da harafin lamun suka fara.

Malam_Na_Zongo:
Almajiri, da haka ne da lemu da liman ma ƴan uwa ne. Lahani daga Larabci take, lahn, kuskure a magana ko a karatu. Ai ka san lahnul jaliyyi da lahnul khafiyyi a tajwidi. Bahaushe ne ya faɗaɗa ta ta koma aibin jiki da na kaya. Illa ma Larabci ce, aibi ma haka.

Amma tun da ana maganar sunayen rauni, kada a ɗauka sai Nasara ne ya zauna ya rarrabe su. Ku buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, babin hukuncin jini da haddi. Muliha, raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi, diyyarsa raƙumi 5. Munaƙƙila, wanda ya fasa ƙashin har ɓaraguzai suka gusa, raƙumi 15. Ma'muma da ta kai ga ƙwaƙwalwa, da ja'ifa da ta huda zuwa cikin ciki, kowace sulusin diyya, cikakkiyar diyya kuwa raƙumi 100 ce. Ka ga su da zurfi suke aunawa, domin alƙali na jiran amsa.

Almajirin_Ƙonni:
Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ban janye lahani ba.

Sajfam_Madawa:
Almajiri je ka ce wa matar aure mahaifarta na da lahani, ka ga ko za ta kwana a ɗakinta. Kalmar na da nauyi, kamar abin da ba ya gyaruwa.

Ƴar_Fac_Droit:
Maganar Mushe ta "je suis lésé" ta tuna mini darasin shekara ta biyu. Mu a dokar ciniki lésion ba ta da alaƙa da jiki sam. Ƙwara ce a ciniki. A kundin Napoleon na 1804, wanda namu ya gada, aya ta 1674 ta ce in mai sayar da gida ko fili ya ƙwaru da fiye da kashi 7 cikin 12 na kimarsa, yana iya neman a warware cinikin. Misali gidan miliyan 12 ka sayar ƙasa da miliyan 5. Shekara 2 gare ka ka kai ƙara. Kuma mai sayarwa kaɗai aka ba wannan dama, mai saye in ya ƙwaru sai haƙuri. Ranar da malami ya fara cewa "la lésion" a aji, wallahi na ɗauka darasin bugu da rauni za a shiga.

Malam_Na_Zongo:
Ɗiyata wannan shi ne gabnu a wajen malaman fiƙihu. Kowa da irin ma'auninsa.

Dillali_Katako:
Allah ya sa kada masu filayen da na sayar su ga wannan bayani 🙈

Etudiant_FSS:
Ina son in koma kan tambayar Ɗan_Adar ta farko, "raunin mi cikin hanta", don ita ce zuciyar maganar. Yaya aka yi kalmar duka da bugu ta koma sunan abin da ba wanda ya buga?

A da likitocin Turai suna ɗaukar cuta a matsayin rikicewar ruwayen jiki gaba ɗaya, jini da majina da ɗaci, kusan yadda tsofaffinmu ke cewa zahi ko sanyi ya yi wa mutum yawa. A 1761 wani likitan Padua a Italiya, Morgagni, ya fitar da littafi kan mazaunin cututtuka da sababinsu, inda ya haɗa abin da marar lafiya ya yi kuka da shi yana raye da abin da aka tarar a gawarsa. Daga nan tunani ya koma: cuta na da wurin zama. Sai Bichat a Paris, wajen 1800, ya ce ba gaɓar duka ke lalacewa ba, wani sashe ne na saƙarta. Ya lissafa iri 21, ba tare da madubin ƙara girma ba, kuma ya mutu a 1802 yana da shekara 30. Kalmar tissu da muke amfani da ita ga nama, ita ce dai tissu ta ƴan yadi a Babbar Kasuwa, abin da aka saƙa. A 1858 Virchow a Jamus ya ƙara nutsawa ya ce a ƙwayar halitta abin yake farawa.

To wannan wurin zaman cutar ana bukatar sunan da za a kira shi kafin a san ko mene ne, sai aka ɗauki lésion. Misalin da ake ba mu a aji shi ne na Broca a 1861: majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan", yana kuma fahimtar abin da ake gaya masa. Da ya mutu aka tarar da wuri guda ya lalace a gaban ƙwaƙwalwa ɓangaren hagu. Ba wanda ya sare shi a kai.

Bambancin mu da su Morgagni, su sai an mutu suke gani. Mu eko da sikane na nuna mana mutum na zaune yana shan fura, har da abubuwan da da zai mutu da su yana da shekara 90 bai san suna nan ba.

Maman_Ikilima:
Etudiant wannan ai lacca ce, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ni dai abin da na riƙe, ƴan yadi da likitoci kalmarsu ɗaya.

Ɗan_Wanzam_Illela:
Ku ƴan lakkwal kuna ta wahala. Mu da munka gaji aska ba mu taɓa rasa sunan ciwo ba. In daga waje ya zo, sara ne ko suka ko yanka ko ƙujewa ko ƙuna, shi ne rauni. In ya buɗe yana ruwa, miki. In mikin ya daɗe ya ƙi warkewa, gyambo. In ya tara mugunya, maruru. In ya taso ba zahi, ƙari. In ya warke ya bar shaida, tabo. In anka taɓa shi ya tashi, fami. Ga targaɗe, ga gocewa, ga tsagewar ƙashi, ga karaya. Kowane da maganinai. Nasara ya tattara su duka ya zuba buhu guda ya ce lésion, ku kuma kuna cewa Hausa ce ta gaza?

Etudiant_FSS:
Baba wanzam ba mu ce ta gaza ba. Su ma suna da nasu: plaie, ulcère, abcès, cicatrice, entorse, kusan ɗaya bayan ɗaya da jerinka. Buhun ne ba mu da shi. Kuma buhun na da rana. A kuturta misali, ƙirga wuraren da fata ta yi haske ba ta jin taɓi ake yi: daga 1 zuwa 5 magani wata 6, in sun haura 5 wata 12. Waɗannan wuraren ba miki ba ne, ba ƙurji ba, ba tabo ba tunda ba abin da ya warke. Me za ka kira su?

Ɗan_Wanzam_Illela:
Tambari. Ko ka ce alama.

Mushe_Bukoki:
Alama ta yi sauƙi da yawa, zazzaɓi ma alama ce. Ni kuma ina ganin muna da buhun, ciwo. Ciwon ƙafa, ciwon ciki, "ya ji ciwo", "wurin ciwon". Abin da ya hana ta zama daidai shi ne ciwo a kunnen Bahaushe yana tafe da zafi, lésion kuwa sau da yawa shiru take. Sannan ku lura da rauni ita ma baki biyu gare ta: raunin wuƙa, da rauni na rashin ƙarfi, kamar hadisi mai rauni ko tsoho mai rauni. Da wayar Ɗan_Adar ta ce masa raunin hanta, wani zai fahimci hantar ce ta gaji.

Bakano_a_Yamai:
Mushe na sallama kan maganar aro. Amma a rediyo can gida na sha jin gyambon ciki a madadin olsa, kuma kowa ya gane. Ashe in aka zauna ana iya samo wa kowace.

Muryar_FM:
Ina bin ku tun safe ban ce komai ba. Ina gabatar da shirin lafiya da Hausa, kuma wannan kalma ta sha ba ni kunya a gaban makirfo. Lokotoro na magana da Faransanci ina juyawa, ya ce lésion, in ce rauni, sai mai sauraro ya bugo ya ce wa ya ji masa raunin. Wani lokaci in ce taɓuwa, "hantar ta taɓu". Wannan ya fi shiga, sai dai in maganar ƙwaƙwalwa ce ba dama, kun san abin da taɓuwa ke nufi a nan.

Talladje_Boy:
😂😂 lésion cérébrale = ya taɓu. Tanti kar ki faɗi haka a rediyo don Allah.

Ɗan_Adar_Tawa:
Salamu alaikum, na dawo da labari. Yau munka ga lokotoro. Ya ce yadda Baba Majo ya faɗi, ƴar jakar ruwa ce, ba a taɓa ta, a sake eko bayan wata shida a gani ko ta ƙaru. Ciwon cikin kuma ya ce daga tumbi ne, ya rubuta magani, ya hana ta yaji da shan maganin ciwon jiki barkatai, ya sa a yi gwajin jini na ciwon hanta don a tabbata. Da Hausa ya yi mata bayani, har ya zana mata hantar a bayan takarda. Inna ta dube shi ta ce, "To ɗana, ruwa ne ka sani, mi ya hana wancan ya rubuta ruwa?"

Hajiya_Yantala:
Alhamdulillahi! A gaida Inna. Tambayarta kuma ni ma ita nake yi.

Majo_Mai_Ritaya:
Madalla. Ai ya rubuta, Hajiya, kystique ɗin ke nan. Don lokotoro ya rubuta, ba don Inna ba. Ɗana kada ku manta da gwajin jinin, kuma ku adana takardar ekon nan, da ita za a gwada ta wata shida.

Muryar_FM:
Barka Ɗan_Adar. To jama'a ni har yanzu ba ku sallame ni ba, Asabar ina da baƙo likitan fata. Lahani, ciwo, tambari ko taɓuwa?

Ɗan_Wanzam_Illela:
Likitan fata ne? Ki ce ya nuna miki hoton abin tukuna, ki turo nan, ni in gaya miki sunanai.